Naɗin Hannun Balarabe

Ranar da aka ƙwace wa Mansura waya a bakin titin Unguwar Dosa, Balarabe ko tuwo bai iya ci ba. Ba wayar ce ta dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne a ce 'yarsa ta cikinsa, shi da ya ƙare samartakarsa yana kai maza ƙasa a filin dambe tun daga Zamfara har Rigachikun, ita ce wani ɗan tsurut zai murɗe wa hannu da rana tsaka ya yi gaba abinsa. Yanzu dai direban motar kaya ne a Babbar Kasuwa, tumbi ya ɗan fito, gwiwa tana ƙara, amma hannun hagunsa yana nan, kuma ba ka zama da shi a benci ka tashi ba ka ji tarihin hannun ba.

Da targaɗen hannun nata ya warke, Mansura ta ce ita kam za ta koyi kare kanta. Ta zauna a tsakar gida da wayar mahaifiyarta Asabe, tana karanto mata iri-irin faɗan da ake koyarwa: wannan karate, na bugu da hannu, wancan taikwando, na shuri da ƙafa, ga kuma judo, na kamawa a kayar. Balarabe yana gefe a kan tabarma, kunnensa a buɗe, yana jiran a zo kan dambe. Ya yi gyaran murya. Ya miƙa hannun hagu yana lanƙwasa yatsu suna ƙas-ƙas. Asabe ce kawai ta dube shi, ta tambaya ko sanyin ƙashin nan ne ya motsa.

Mansura dai judo ta zaɓa, saboda akwai wata Malama Rahmatu, ma'aikaciyar gwamnati, da ke koya wa 'yan mata zalla a harabar wata firamare duk safiyar Asabar. Balarabe ba shi da bakin hanawa, don shi ya fi kowa kumfar baki ranar da aka ƙwace wayar.

Daga nan "Malama ta ce" ta tare a gidan. Malama ta ce kada a rataya jaka ta ɓangaren titi. Malama ta ce a rage shan lemon kwalba. Yarinyar da a da in ya dawo kasuwa take zama a gabansa ta ce Baba a ba ta labarin karonsa da wane, yanzu sai ta gaishe shi ta wuce ɗaki tana gwada taku. Kishi ne ya kama Balarabe, kishi tsagwaronsa, ko da yake da za ka faɗa masa haka sai ya nemi ya mare ka. Abin haushin ma, da namiji ne da ya kira shi fili an yi ta ta ƙare. To mace ce, da tabarau, ina zai kai ƙararta?

Wata Asabar ya ajiye mota nesa, ya leƙa ta ƙofar makarantar kamar mai neman akuyarsa. Ya ga 'yar mitsitsiyar mata cikin hijabi, da 'yan mata a layi suna faɗawa kan katifa suna tashi, suna sake faɗawa. Ya dawo gida yana dariya har da riƙe ciki.

"Faɗuwa suka koyo, Asabe. Ɗiyata ta bar gidan mai kayarwa ta tai koyon faɗuwa."

Mansura ta sunkuyar da kai ta ce, cikin ladabi, Malama ta ce a kan titi faɗuwa ba ita ce ƙarshen faɗa ba, kuma wanda ke ƙasa ba a juya masa baya. Balarabe ya ce Malama ta taɓa jin kalangu kuwa? Ya tashi ya bar musu tsakar gidan, ransa a ɓace.

Wata ranar Juma'a da la'asar Mansura ta biyo ta kasuwa daga makaranta don su koma gida tare. Suna ratsa cunkoson masu baro da masu keke kenan sai wani saurayi ya fizgi jakarta. Balarabe bai yi shawara da kowa ba. Hagu ɗaya ya sakar masa a muƙamuƙi, saurayin ya zube kan buhunan albasa.

A dambe, da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. Dukan wanda ya faɗi abin kunya ne, mai nasara juyawa yake ya ɗaga hannu ya nufi makaɗa. Abin da jikin Balarabe ya sani kenan, shi kuma ya yi. Ya ja da baya, ya juya, ya ɗaga hagunsa sama, idonsa yana neman fuskar 'yarsa ya ga ko ta gani. Shi kuwa ɓarawon ba da shi aka yi wannan doka ba. Ya miƙe da wuƙa a hannu.

Mansura ba ta tsaya kiran suna ba. Ta damƙi wuyan rigar ubanta, ta sa ƙafa ta share tasa, ta ja shi gefe. Balarabe ya ji ƙasa ta karɓe shi tim, wuƙar da aka nufi bayansa da ita ta shafci bayan hannunsa na hagu kawai. Mutane suka yi ca, ɓarawon ya jefar da jakar ya ɓace cikin rumfuna.

Rai ya tsira, kowa yana hamdala. Amma Balarabe yana zaune a ƙasa yana jin 'yan dako, waɗanda suka sha labarin cewa ba a taɓa kai shi ƙasa ba, suna tambayar yarinyar inda ta koyi wannan kayarwa. Ta faɗi sunan Malama Rahmatu a gaban kowa. Wannan ya fi wuƙar yi masa zafi.

A kemis aka wanke ciwon aka ɗaure, suka koma gida. Washegari da safe Mansura ta zo da sabon bandeji ta durƙusa a gabansa za ta canja masa, ya miƙa hannun yana kallon bango. Can sai ya ji naɗin ya saɓa wa na mai kemis. Ta dunƙule masa yatsu, ta fara daga kan gaɓoɓi, ta gicciya ta bayan babban yatsa, ta gangaro wuyan hannu tana ja tana tsukewa. Haka ɗan dambe yake naɗa kara, wato ƙyalle da zaren ɗaurin hannu, kafin ya shiga fili. Ya juyo ya tambaye ta ko wannan ma Malama ce ta koya mata.

"A'a, Baba. A wurinka na gani, ina ƙarama, in kana nuna wa baƙi." Ta ci gaba da naɗi ba ta ɗago ba. "Kai na fara tambaya ka koya mini. Ka yi dariya, ka ce in je in taya Inna wanke-wanke."

Balarabe ya nemi ranar a ransa ya rasa. Ko tunawa bai yi ba, ita kuwa ga shi ta riƙe har yadda zaren yake bi. Ya daɗe yana duban hannun.

"Kin tsuke wuyan da yawa, jini ba ya gudu haka," ya ce. Ya jawo ragowar bandejin da hannun dama. "Kawo naki in gwada miki."

Ta duba agogo. Asabe ta leƙo daga kicin ta ce ai yau Asabar ce, Malama tana jira. Mansura ta gyara zama a kan tabarmar ta miƙa masa hannun hagu.