Farin Kabejin Baba Mu'azzam

Tun da aka sallamo Baba Mu'azzam daga asibiti ya juya wa ɗakin baya. Yana kwance a gadon ƙasa, fuska na kallon bango, hannunsa na dama a ajiye kan ƙirji kamar kayan aro. Likitoci sun ce shanyewar ɓarin jikin ba ta yi tsanani ba. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannun ma zai dawo in yana motsa shi, in kuma yana cin abinci. To cin abincin ne ya gagara.

Baba Mu'azzam Ba'indiye ne, mutumin Haidarabad, tela ne da ya tsufa a Riyad yana ɗinka wa Larabawa jallabiya. Ga taurin kai, Allah ya ba shi nasa ya ƙara masa da na maƙwabta. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kai loma baki da hagu ba, ba kuma da furfura zai fara ba. Limamin masallacin unguwa ya zo har ɗaki ya gaya masa lalura ce, babu laifi. Ya saurara da ladabi, liman na fita ya koma bangonsa. A ba shi a baki kuma, ya ce shi ba jariri ba ne. Shayi kawai yake kurɓa, shi ma sai ya ga ba kowa. Kullum wuyansa ƙara tsawo yake yi.

Su uku ne a ɗakin nan na unguwar Manfuha a Riyad: shi, da Yacouba magini ɗan Maraɗi, da Zayyanu mutumin Ƙauran Namoda, mai tuƙa motar rabon ruwa. Duk cikinsu Zayyanu abin ya fi ci wa rai, kuma da dalili. Lokacin da ya sauka Riyad cikin tsananin sanyi, ba Larabci, ba bargo, ga zazzaɓi ya kwantar da shi, dattijon nan ne ya cire bargonsa ya lulluɓa masa. Shi ya koya masa yadda ake magana da kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, shi ya hana shi fita ko baƙala, ɗan kantin bakin layi, ba tare da iƙama, katin izinin zama, a aljihu ba. Kowace Juma'a kuma, in an sauko masallaci, Baba Mu'azzam kan shiga ɗan kicin ɗinsu ya rufo ƙofa, ya fito da tire cike da soyayyen farin kabeji, ja-ja da shi, mai yaji, mai ƙaras-ƙaras. Fakora yake ce masa. Zayyanu ya sha cinye rabin tiren, amma ko sau ɗaya bai taɓa leƙawa ya ga yadda ake yi ba.

Wannan Juma'ar ya yanke shawarar shi zai soya. A tunaninsa, abin da lallashi ya kasa, wataƙila ƙamshi ya iya. Daga masallaci ya biya baƙala ya sayo farin kabeji ƙato, da citta, da tafarnuwa. Garin waken Indiyawa da sauran tarkace suna nan a robobin dattijon. Yacouba ya tambaye shi ko ya iya, ya ce haba, shi da ya tashi a gindin kaskon ƙosai? Innarsa duk Ƙaura an san ƙosanta. Garin wake ne, ruwa ne, mai ne, me ya rage?

Ya yanka kabejin manya-manya, ya ɗauraye, ya bar shi da ruwansa. Ya zuba gari a roba, ya kwarara ruwa, ya ɗauko muciya ya shiga bugu. Duk ɗan Hausa ya san ƙullun da bai bugu ba ƙosansa dutse ne, don haka ya dage, har da cije leɓe, sai da ƙullun ya yi fari ya tashi. Ya bar ƙofar kicin a buɗe don ƙamshi ya isa ɗaki. Ƙarar bugun ce ta riga isa.

Kaskon farko ya fito a kumbure, lugub-lugub, ya sha mai ya ƙoshi, kabejin ciki kuwa ɗanye shar. Yacouba ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce gaskiya da akwai koko da an ji daɗinsa. Zayyanu ya harare shi. Ya tabbatar wa kansa bugu ne bai isa ba, ya sake ɗaukar muciya.

Yana cikin bugun ya ji ana jan ƙafa a bayansa. Ya waiwaya, sai ga Baba Mu'azzam dafe da ƙofa, daga shi sai zane da singileti, ido jajur.

"Haram alaik, ya Zayyan," in ji dattijon, da guntun Larabcin nan da kowa ke yi a Manfuha. "Me garin nan ya yi maka kake dukansa?"

Zayyanu ya tsaya riƙe da muciya, ƙullu na ɗiga. Rabon da ya ji an yi masa faɗa ya ji daɗi har ya manta. Ya yi maza ya tura wa dattijon kujerar roba da ƙafa, ya ce to a gwada masa.

Dattijon ya zauna yana haki, ya shiga ba da oda. A ajiye wannan kunun gefe. A rage wa kabejin girma, kowane da ɗan karansa. A tsoma shi ruwan zafi da gishiri da kurkur, a tsame tun bai yi laushi ba, a baza a tsumma ya bushe sarai. Zayyanu ya so ya gaggauta, aka ce masa shwayya-shwayya, wato a hankali, ba ruwa yake rabawa ba. Sai garin wake sabo, da garin shinkafa kaɗan, wanda shi ne ke kawo ƙaras ɗin, da barkono, da citta da tafarnuwa dakakku. Ruwa kuwa yayyafawa ake yi da yatsu, a juya a hankali, ƙullun ya kama jikin kabeji kawai, ba a so ya tashi. Da Zayyanu ya kai hannu wajen muciya don sabo, dattijon ya ce wa Yacouba ya ɗauke ta ya fitar da ita daga kicin ɗin gaba ɗaya.

Aka soya sau ɗaya, aka tsame. Zayyanu ya ɗauka an gama, ashe da saura. Sai da ya huce, aka ƙara wuta, aka mayar da shi mai har ya yi ja. Yana faɗawa tire kana jin ƙararsa. Duk tsawon aikin nan Zayyanu na satar kallon dattijon, ya ga in ya hasala yana nuni, kafaɗar dama ce ke fara ɗagawa kafin ya tuna ya ɗaga hagu. Ya ci gaba da tsame suya.

Suka shimfiɗa ledar cin abinci a tsakar ɗaki. Baba Mu'azzam bai koma gado ba, ya jingina da shi ya zauna a ƙasa. Zayyanu ya ajiye tiren ta gefen hagunsa, da fatan yunwa da ƙamshi za su sa ya haƙura ya ci da hagun. Dattijon ya dubi tire, ya dubi Zayyanu, ya gane sarai.

"Kawo shi nan," ya ce, ya nuna damansa da haɓa.

Zayyanu ya matsar da tiren. In hannun nan ya ƙi, a gaban mutane, ya san dattijon zai koma bango, kuma wannan karon ba mai sake tayar da shi. Ba tare da sun yi shawara ba, shi da Yacouba suka kau da kai. Yacouba ya ƙura wa taga ido, Zayyanu ya duƙufa kan wayarsa da ko kunna ta bai yi ba.

Suka ji yatsu na laluben tire. Suka ji abu ya faɗi kan leda. Sai numfashin dattijon. Aka sake lalube, aka sake faɗuwa. Zayyanu ya motsa zai taimaka, Yacouba ya danne masa gwiwa da hannu bai ko dube shi ba. Sai ya zauna yana addu'a a zuci, irin wadda ba ta da tsari, yana ta maimaita Allah ka taimake shi, ka dubi alherin bawan nan naka.

Can sai suka ji ƙurus.

Zayyanu ya ɗago a hankali. Baba Mu'azzam ya sunkuyo da kai har kusa da gwiwa don ya tari hannun a hanya, karan kabejin maƙale tsakanin babban yatsa da manuni, hannun na rawa, gumi na bin gemunsa. Amma da dama ne, kuma yana taunawa.

Godiya ta cika wa Zayyanu ƙirji har ya rasa wa zai fara gode wa, Allah ne, dattijon ne, ko jahilcinsa na suya da ya taso da mutum daga gado. Ya ce alhamdu lillahi. Da ya san in ya ƙara kalma ɗaya kuka zai ƙwace masa, sai ya sa hannu a tire, ya riƙa zaɓo masu dogon kara yana turawa bakin tiren ta wajen dattijon, shi da Yacouba suna cin ɓurɓushin.