Duwatsun da Baba Ya Rushe

"Baba ba ya cikin rumfa!"

Direban sansaninsu ne ya tare ta da maganar tun kafin ta sauke jakar bayanta. Barewa ta tsaya cak. Yanzun nan ta sauko da baƙi tara daga kan tsauni, ƙarfe sha ɗaya da rabi, rana ta fara cin ƙeya.

"Kamar yaya ba ya ciki? Ina zai je da waɗannan idanun?"

"Wallahi taya nake canzawa. Ko da na ɗago, kujera ce kawai."

Ta faɗa rumfar. Rediyonsa na nan yana ta surutu shi kaɗai, silifas ɗinsa na ƙarƙashin kujera. Babu sandarsa, babu tsohon takalminsa na hawan dutse da ya shekara huɗu rataye a ƙusa. Ƙaramar gorar ruwa ita ma babu. Wannan gorar ko awa biyu ba za ta kai mutum ba a cikin wannan zafin.

"Wa ya yi magana da shi?"

Direba ya sosa ƙeya. "Wata baƙuwa ce da safe. Ta ce a nuna mata mutumin da ya buɗe hanyar tsaunin. Ta kara masa wayarta har kan hanci, wai ya ga kyakkyawan tarin duwatsun burin da ta gina jiya."

Barewa ta rufe ido. Shi ke nan, asiri ya tonu.

Shekara arba'in Baba yana jagorar masu hawan wannan tsauni, kuma shi ya kafa alamomin hanya da hannunsa: duwatsu uku a kan juna, farin a sama, tsininsa na kallon idon ruwa. Ko baƙon da bai taɓa zuwa ba, in ya bi su zai sha ruwa, ya sauko lafiya. Da yanar ido ta rufe wa Baba gani, sansanin baƙi da ke gindin tsaunin ya koma hannun ɗansa na fari, shi kuma ya zo da sabuwar dabara. Kowane baƙo ya tara duwatsu a inda ya ga dama, ya faɗi burinsa, a ɗauke shi hoto. Yanzu tsaunin ya cika da tari kamar ƙuraje. Babu wanda ya gaya wa Baba.

Ta banka ƙofar ofis da ƙafa. Yayanta na kishingiɗe gaban fanka, waya a kunne, yana dariya.

"Ajiye wayar nan, Yaya."

"Ke, ba ki iya sallama ba? Kuma a gaban ma'aikata Manaja ake ce mini."

Ta fizge wayar ta jefa kan tebur. "To, Manaja, ubanka ya hau tsauni shi kaɗai da ruwan da bai kai cikin kofi uku ba."

Dariyar ta ɗauke. "Ai... ai ya san hanya. Shi ya yi ta."

"Hanyar da ya yi ka binne ta! Da hannu yake laluben alama, ka sani. Yanzu kowane taku goma akwai tari. Wanne zai bi?"

"Kada ki ɗora mini. Waɗannan hotunan su suka cika mana motoci. Da can mutum nawa muke gani a wata? Ke kanki cewa kike yi..."

"Sau nawa na ce ka hana?"

"Kin ce, amma da wa ake ɗaukar hoton? Ba ke kike riƙe musu waya ba?"

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce. Ta ja tsaki, ta sure igiya da akwatin magani da manyan goruna biyu. Ta uku ta wurga masa a ƙirji.

"Tashi. In tumbinka ya hana ka hawa, ka mirgina."

Ba banza aka sa mata Barewa ba. Cikin rabin awa ta kai mararraba, inda hanya ta rabu biyu. Hagu ta nufi idon ruwa. Dama ta gangara zuwa kwazazzabo, inda dutse ke yankewa ba gargaɗi, ƙasa kuma sai an leƙa ake ganinta. Ta duba ƙasa ko za ta ga sawu. Falalen dutse ne zalla, ko raƙumi ya wuce ba zai bar shaida ba.

"Baba!"

Tsaunin ya mayar mata da muryarta sau biyu.

Yaya ya iso yana numfashi kamar tsohuwar mota, rigar ofis ta manne masa a jiki. "Hagu," ya ce da ƙyar. "Ruwa zai nema."

Har ta juya hagu, sai ƙafarta ta yi tuntuɓe da wani dutse. Ta dube shi. Ta dubi na kusa da shi. Duwatsu bakwai a warwatse, a daidai inda ta san da safe akwai dogon tari, don ita ta ɗauki hoton masu shi. Ta ɗaga kai. Can gaba a hannun dama, wani tarin ma a ƙasa yake. Gaba da shi wani.

"Ba ruwa ya je nema ba," ta ce. "Rushe su yake yi. Ɗaya bayan ɗaya."

"A dama? Ai can..."

"Na san abin da ke can. Su wa suka cika wurin da tari? Ba kai ka ce hoto ya fi kyau a bakin kwazazzabo ba?"

Ta zura a guje. Rusassun duwatsun suka zame mata sawu. Ta ƙirga ashirin, ta daina ƙirgawa. A wani wuri ta ga inda tsinin sanda ya karce dutse, a wani wurin ɗigon jini a kan tsakuwa. Gaba kaɗan ta tsinci gorar, murfi a buɗe, ko ɗigo babu. Iska mai zafi na tasowa daga ƙasa, alamar bakin ramin ya kusa. Tarin ƙarshe da ta hango a rushe bai fi taku biyar daga gaɓar ba.

Ta rarrafa ta leƙa.

"In gawata kike nema, ba ta can."

Ta waiwaya a firgice. Yana zaune a ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, ƙafar hagu a miƙe, idon sawun ya kumbura ya cika takalmi. Leɓɓansa sun tsage, yatsunsa duk jini. Sandar na kan cinyarsa.

"Baba!" Ta durƙusa ta kafa masa gora a baki. "A hankali. Kurɓi kaɗan-kaɗan."

Ya kurɓa sau uku, ya ture hannunta. "Sittin da ɗaya na rushe. Saura nawa?"

"Baba, kai da ba ka gani! Taku biyar ya rage ka..."

"Na ji iskar ramin tun kafin a haife ki. Tsakuwa ce ta zame da ni. Na ce saura nawa?"

Ta hau kwance masa igiyar takalmi.

Yaya ya ƙaraso, ya zube a kan gwiwoyinsa. "Alhamdu lillahi. Baba, ka tsorata mu. Don Allah me ya sa ba ka..."

Sandar ta sauka a kafaɗarsa kafin ya rufe baki. Makaho ne, amma bai kuskure ba.

"Dutse uku, fari a sama. Magana ce nake yi da wanda ƙishirwa ta kama, ina ce masa bi nan ka rayu. Kai kuma ka tara mutane ɗari suna ihu a kan maganata. Wa zai ji ni?"

"Baba, wasa ne kawai na baƙi."

"Wasa? A bakin rami?" Ya juyo da fararen idanunsa wajen Barewa. "Shi dai na san wawa ne tun yana goye. Ke fa? Ke na goya a baya na nuna miki kowace alama. Kullum kina dawowa ina tambayarki ya hanya, kina cewa lafiya lau."

Hawaye masu zafi suka cika mata ido. Ta so ta ce tsoron hawan jininsa ta ji, amma ta haɗiye. Ta naɗe ƙafar da bandeji, ta ja ta ɗaure tam.

"Gobe kafin rana ta fito zan hau," ta ce. "Ba zan bar ko ɗaya ba sai naka." Ta dubi yayanta. "Juya bayanka, Manaja. Kai za ka goya shi har ƙasa, in ka yi nishi sau ɗaya sai na ƙara maka da jakata."

Yaya ya durƙusa, ta ɗora masa Baba, ta ɗaure su da igiya. Tsohon ya fara faɗa masa inda zai sa ƙafa, yana haɗawa da zagi.

Taku goma suka yi, sai suka ji tsakuwa na zubowa a bayansu.

Wani mutum ne ke hawowa ta tsagin da ke gefen kwazazzabon, inda ko awaki ba sa bi. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, wandonsa ya yage har gwiwa, fuskarsa ta ƙone da rana. Barewa ba ta taɓa ganinsa ba. Ta miƙa masa gora, ya ƙi karɓa. Ya ɗaga wata takarda da ta jiƙe da gumi, ta gane ta nan take: takardar tallar sansaninsu ce, wadda Yaya ya buga, da manyan haruffa a sama, *Bi tarin duwatsu, ba za ka ɓata ba.*

"Wane ne a cikinku ya rubuta wannan?" mutumin ya tambaya da dasasshiyar murya. Ya nuna ramin da yatsa. "Mu shida muka bi tarin duwatsun nan mu kaɗai tun jiya. Matata na can ƙasa."