Wushiryar Zinariya

Shekarar da aka koma kashe naira Zinariya ta dawo Haɗeja daga Ingila, inda gwamnati ta kai ta koyon aikin jinya. Saƙo ne ya iske ta cewa mahaifiyarta Hajo na kwance, jiki ya ƙi, hankali ma yana zuwa yana tafiya. Abu ɗaya ta sa a ranta tun daga jirgi: tsohuwar ta gan ta, ta san ta zo.

To, ita Zinariya haƙoranta na sama turowa suka yi tun tana yarinya, ga wushirya wadda har a kasuwa ake zancenta. Can Ingila sai wani likitan haƙori ya ce gyara suke so. Ya nuna mata ƙarafa iri biyu da ake ɗaura wa haƙori a ja da waya. Ɗaya yana tafiyar da haƙori da saiwarsa a hankali, ɗayan kuwa yana kwantar da shi ciki da sauri, sai daga baya a miƙe saiwar. Ta zaɓi mai saurin. Wushirya ta rufe, haƙora suka kwanta, leɓe ya zurma, ba a kai ga miƙewar ba saƙo ya zo. Aka ciccire mata ƙarafan, ta taho haka. Kai, gyaran gangar Auzinawa!

Damina ce, ruwa ya cinye hanyar ƙauyensu, sai a kwalekwale kawunta Shu'ibu ya tsallakar da ita. Ta durƙusa bakin gado ta ce, "Inna, ni ce."

Hajo ta daɗe tana kallon bakinta. "Sannu, malama. Daga asibiti aka turo ki?"

Shu'ibu ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, duk a banza. Hajo ta ce, "Haba Shu'ibu, abin da na haifa ne ban sani ba? Tawa tana buɗe baki ka ga wushirya."

Zinariya ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Wallahi ba ta ji komai ba. Ta ɗaura zane ta kama aiki: wanka, juya mara lafiya, ba ta kunu da ludayi.

Ita Zinariya 'yar fari ce, kuma Hajo Bafulatana ce ta gaske. Ba ta taɓa kama sunanta ba, kallo ma sai a sace. Amma baƙuwa ai ba a jin kunyarta. Sai ga Hajo tana zuba hirar 'yarta, yadda take tafiya, yadda take cin kifi ta bar kai.

Ran Laraba da hantsi Hajo ta riƙo hannunta. "Malama, ku da kuke yawon duniya, in kin gamu da ita, Zinariya sunanta. Ki ce na jira. Ki ce duk cikin 'ya'yana ita na fi so, ban dai iya faɗa ba."

Zinariya ta gyara mata matashi.

"Zan gaya mata, Inna."

Kafin la'asar aka fara ɗora ruwan wankan gawa.