Itacen Yaya

Kafinta ya yi shekara talatin yana yanka katako, saboda haka a ganinsa babu mai gaya masa komai a kan itace. Ranar da iska ta kayar da wata tsohuwar bishiya a bayan layinsu, ya je ya kankare ɓawon da farce, ya shinshina, ya ɗaga reshe ya ji nauyi. Mai tauri ne, irin wanda garwashinsa ke daɗewa. Nan take ya tuna da Yaya, yayarsa mai ciwon ƙirji, wadda hayaƙi ke hana ta numfashi.

"Ki ba ni wata shida, Yaya," in ji shi. "Zan kawo miki itacen da ko idonki ba zai yi ruwa ba."

Ya faskara, ya jera a tsakar gida, ya lulluɓe da tamfol har ƙasa, ya danne gefe da duwatsu. Matarsa ta ce, "Baban yara, ka bar gefen a buɗe iska ta shiga." Ya yi mata kallon wadda ba ta taɓa riƙe zarto ba.

Da wata shida ya cika, ya ɗaga tamfol, wani warin ruma ya bugi hancinsa. Ya gwara guda biyu. Busasshe ƙara yake yi, wannan kuwa sai dum. Ya san sarai itacen bai bushe ba, amma matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, girman kai ya hana shi magana. Ya sa tsumma ya goge fumfunar da ta fito wa itacen, ya loda a baro ya kai wa Yaya.

Bayan kwana uku ya leƙa gidanta. Tun daga soro ya ji tarin. Yaya tana durƙushe gaban murhu tana fifita, itacen yana tsiyayar da kumfa ta gindi, hayaƙi ya cika madafa. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yaya, me ya sa ba ki aiko kin gaya min ba?"

Ta share hawaye da gefen zani, ta jira numfashi ya dawo.

"Haba Auta, itacenka lafiyarsa lau. Ni ce dai na tsufa, na manta yadda ake hura wuta."