Ajiyar Bobai a Ladywood

Tun ranar da wasiƙar kamfanin inshora ta iso gidanmu na Levenshulme, mijina Bobai bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ya karanta a kan matakala, ya biyo ni kicin ya sake karantawa kamar lambobin za su ji kunyarsa su ragu. Shekara ta uku ke nan a jere ana ƙara masa kuɗi, bana kuma ƙarin ya kusa ninki.

Abin da ake yi wa inshorar littattafan zane ne, waɗanda yara ke kira komik, da 'yan mutum-mutumin roba da ko fita daga kwalayensu ba su taɓa yi ba. Shekara goma sha tara yana tara su daga albashin direban bas. Mutum da furfura a gemu, 'yarsa Zoe har ta shiga jami'a, amma in zai sauka ɗakin ƙasa inda yake ajiye su sai ya wanke hannu ya sa safar auduga. Ni ce nas a gidan, kuma ban taɓa ganin an lallaɓa majinyaci yadda yake lallaɓa takardun nan ba. Na yi masa tsiya har bakina ya gaji, shi kuwa ko a jikinsa.

Na karɓi wasiƙar na duba da kaina. Sun ce tsofaffin gidajen layinmu suna da danshi, kayan kuma a ƙarƙashin ƙasa suke. In yana son ragi, sai ya fitar da masu tsadar daga can, ya kawo sabuwar takarda daga ƙwararren da ke yi wa irin waɗannan kaya kuɗi, duk kafin ƙarshen wata. In bai yi ba, ko ya biya ninkin, ko su cire hannunsu. A shafi na biyu na ga jerin kayan. Littattafai goma sha biyu ne a sama, an rubuta musu fam dubu arba'in da ɗaya. Sai da na jawo kujera na zauna. Ashe duk shekarun nan da nake cewa wasan yara ne, rabin kuɗin gida ne kwance a ƙarƙashin ƙafata in na je shanya.

Kwana biyu yana buga wa wasu kamfanoni waya a lokacin hutunsa, kowa da nasa farashin, babu mai daɗin ji. A rana ta uku ya dawo da shawara. Yayansa Bartholomew yana zaune a hawa na tara a wani dogon bene a Ladywood, can Birmingham, inda danshi ba ya kaiwa. Matar da za ta yi wa kayan kuɗi ma a Birmingham take, ta ba shi Asabar, mako uku masu zuwa. Zai kai wa Yaya ajiyar goma sha biyun, matar ta gan su a can, a sa adireshin Yaya cikin takarda, magana ta ƙare.

Yaya Bartholomew shi ya riƙe Bobai tun mahaifinsu ya rasu, shi ya biya masa makaranta a Kafanchan, shi ya jawo shi ƙasar nan. Mutumin kirki ne, ba na musu. Amma shi ne sakataren cocinsu, shi ne kuma mai tara gudummawar 'yan garinmu, kuma wata ba ya ƙarewa ba tare da saƙonsa ya shigo wayarmu ba: rufin coci a gida, rijiya, wance ta haihu, wane yana asibiti. Na kalli mijina na gaya masa abin da ke raina.

"Baban Zoe, kada ka faɗa masa value ɗin. In Yaya ya ji forty-one thousand na kwance cikin kwali, kafin Lahadi duk dangi sun ji."

Ya ce ai ba a ɓoye wa Yaya abu. Na ce ba ƙarya zai yi ba, baki kawai zai kama. Na nace har ya yarda, kuma a lokacin ji nake na yi dabara.

Ya kai kwalin da kansa ranar Lahadi bayan sujada. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya ce. Wai ya gaya wa Yaya takardu ne masu muhimmanci, kamfanin inshora ya ce ruwa ko danshi kada ya taɓa su, ya kula da su kamar yadda yake kula da satifiket ɗinsa. Yaya ya ce ya kwantar da hankalinsa.

Hankalin bai kwanta ba. Mako ukun nan na sha wuya. Bobai ya koma duba yanayin Birmingham a waya fiye da na garin da yake tuƙi a ciki. Ya sauka ɗakin ƙasa ya tsaya gaban gurbin da kwalin ya bari, ya hau, ya sake sauka. Abinci sai ya ci rabi ya tashi. Kullum sai ya kira Yaya, ya gaida shi, ya tambayi aiki, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo, ya zagaya ya zagaya kafin ya iso kan ajiya, don ƙane ba ya tsare yayansa da tambaya kamar ɗan sanda. Yaya kuma amsarsa ɗaya ce, suna nan lafiya, ya ma yi musu abin da ya dace. Bobai ya ɗauka wurin ajiya mai kyau ya samar musu. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa na safe. Muka tarar Yaya ya sa rigar zuwa coci, falon yana ƙamshin gwaten acca da ya tashi tun asuba ya dafa mana. Na zauna ina kallon bango. Takardar baftismarsa, shaidar gama firamare, shaidar zama ɗan ƙasa, hoton aurensa da marigayiya matarsa, har jadawalin bas na unguwa, kowanne an yi masa laminatin, yana ƙyalli cikin roba. Na sha ganin bangon nan. Duk wanda ya tashi a gida ya san takarda mai daraja laminatin ake yi mata, don ruwan sama da gara ba su da mutunci. Ni kaina haka na yi wa takarduna na makarantar nas. Ban taɓa haɗa wannan da kwalin Bobai ba sai a wannan minti.

Kafin in buɗe baki aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar ce, wata Baturiya siririya da ƙaramar jaka da gilashin ƙara girma. Aka gaisa, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta sa safar hannu irin ta mijina. Yaya ya shiga ɗaki ya fito da kwalin, yana tafe yana murmushi, ya ce wa matar ba sai ta wahalar da kanta da safa ba.

Ya fito da na farko. An zare ƙarafan da suka haɗe shafukan, an raba kowane shafi daban, an rufe shi cikin roba mai kauri, an huda gefe an zura zoben roba baƙi irin na littafin waƙoƙin mawaƙan coci. Ya jera su goma sha biyu, tsaf, har da lamba a gaban kowanne.

Yana jerawa yana ba da labari. Ya ce da ya ji danshi ne matsalar, sai ya ga ai maganin a hannu yake. Ya kai su shagon Sunusi a Stratford Road, can Sparkhill, mai buga musu takardun coci. Sunusi har ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata mana, ƙanensa ne ya ce a kula da su kamar satifiket. Kwana biyu ana aikin, shafi kusan ɗari huɗu, yana zaune a wurin don kada a juya wani shafi. Daga aljihunsa ya biya, kuma ba ya son a mayar masa.

"Yanzu ko a bath ka jefa su, babu abin da zai same su," in ji shi. "Ka gaya wa insurance ɗin su rage maka."

Na kalli Bobai. Ya miƙa hannu ya taɓa na saman, wanda ya yi shekara huɗu yana nema, ya shafa robar da babban yatsa. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji tsoro.

Matar ta ɗaga ɗaya ta duba ta gilashi, ta ajiye, ta cire safar. Ta yi magana a hankali, ta ce ta yi baƙin ciki, amma zafi da gam sun riga sun kama takardar, ba a iya cirewa, kuma masu sayen irin waɗannan ba sa sayen wanda aka raba. Yanzu na karatu ne kawai. Ta ƙara da cewa ba ta jin wani kamfani zai biya diyya, tunda da hannu aka yi, ba hatsari ba ne. Yaya bai gane ba, ya tambaye ta me ya lalace, ai ga su nan sun fi da kyau. Ita kuwa ba ta san komai game da mu ba. Ta buɗe tsohuwar takardar kuɗin kayan da Bobai ya aika mata, ta juya wa Yaya ita, ta karanta adadin da baki.

Yaya ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya duba lambar da kansa. Matar ta tattara ƙyallenta, ya raka ta bakin lif kamar yadda yake yi wa kowane baƙo. Da ya dawo bai zauna a kujerarsa ba, ya tsaya a bayanta ya dafa.

"Bobai, da ka faɗa mini, ko buɗe kwalin nan ba zan yi ba."

Bobai ya ce babu komai, Yaya, takarda ce kawai.

"Ba takardar nake tambaya ba. Tsoro ka ji zan roƙe ka?"

Mijina ya sunkuyar da kai. Na san ba zai taɓa ambatar sunana ba. Kunya ta rufe ni. Na ce Yaya ya yi haƙuri, ni ce na hana Bobai, shi ya so ya faɗa.

Yaya bai ko juyo ba, idonsa na kan ƙanensa.

"Justina, ba ke na goya ba."

Ya shiga kicin. Muna jin ƙarar cokali a tukunya, muna zaune gaban littattafan nan masu ƙyalli, babu mai kallon wani. Ya fito da kwano biyu na gwate ya ajiye mana, ya yi addu'a a taƙaice, ya ce mu ci kada ya huce. Shi bai zuba wa kansa ba.