Neman Ƙanin Maryam Alkantara

"Wannan ma ba shi ba ne," in ji Maryam, ta kawar da kai. "Rodel ba shi da gemu, ko ya so ba ya fito masa."

Ummulkhairi ta gyara tabarau ta ci gaba da murza wayar, tana duba hotunan masu suna Rodel Alkantara a intanet. Kwana huɗu ke nan tana hawowa hawa na uku bayan la'asar, ta zauna bakin gadon maƙwabciyarta suna wannan nema. Maryam 'yar Filifin ce, ungozoma, shekara ashirin da bakwai suna bene ɗaya a unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki. Asibiti sun sallamo ta, sun ce ciwon hantar ya wuce magani. Abu ɗaya ta roƙa, a nemo mata ƙaninta Rodel, wanda ya daina amsa wasiƙunta tun shekarar da ta musulunta.

"Yanzu duk waɗannan danginki ne?" Ummulkhairi ta tambaya. "Ga Alkantara a Meziko, ga shi a Barazil, ga Sifen. Ƙasarku kuwa kamar tsakuwar Muzdalifa."

Maryam ta yi 'yar dariya, ta dafe ciki.

"Ba dangi ba ne, Ummu. Sifaniyawa da suka mulke mu littafin sunaye suka kawo, ana rabawa gari-gari. Kakan kakana wannan ya faɗo masa. Sai da na zo nan wata 'yar Maroko da na karɓi haihuwarta ta ce min Larabci ne, gada yake nufi. Su ma Sifaniyawan aro suka yi."

"To ai kin dawo da shi gida."

"Shi ya dawo. Ni ce ban koma ba."

A ranar ne Ummulkhairi ta kawo shawara. Ta kara mata wayar a baki, Maryam ta yi maganar minti ɗaya da yarensu, tana tsayawa tana numfashi. Suka tura wa duk wani Rodel Alkantara da ya yi kama da ɗan sittin, mutum arba'in da ɗaya. Yawancinsu ko buɗewa ba su yi ba. Wani ya amsa da Turanci cewa ba shi da yaya, amma zai yi mata addu'a.

Ranar Alhamis da hantsi Ummulkhairi na ɗiga mata zamzam da cokali, ruwan ya gangaro ta gefen bakinta. Ta kira sunanta sau biyu, sannan ta shafe mata idanu. Aka yi mata salla a Harami da la'asar.

Kwana tara bayan nan, Ummulkhairi na ɗakin tana ninke abayoyin marigayiya don sadaka, wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne mai tsawo. Hoton mai saƙon na wani dattijo ne, haɓarsa fes, tsaye gaban kwale-kwale.

Ta danna. Muryar ta fara da ƙarfi kamar faɗa, can ta karye, sannan ta sake ɗauka a hankali. Ummulkhairi ba ta gane ko kalma ɗaya ba sai "Marisol", sunan Maryam na da, da yake ta maimaitawa. Ba ta san da wane harshe za ta gaya masa ba.

Ta zauna kan katifar da aka yaye wa zanin gado, abaya a cinyarta, ta sake dannawa. Bayan muryarsa ana jin ruwan sama na dukan kwano.