Mahaucin da Namadi Ya Rubuta

Ɗanmaliki na cikin sarar ƙashi a rumfarsa ta kasuwar Tambuwal, Mardiya, ƙanwar maƙwabcinsa Namadi, ta tsaya a gabansa, gyale a karkace.

"Yaya Namadi na kiranka. Jikin ya yi nauyi."

Bai ɗago ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Namadi, amma an haifi yara har sun yi aure, gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Namadi marubuci ne, irin wanda gari bai san inda zai ajiye shi ba. Ba ya sa hula, sumarsa buzu-buzu. Da kansa yake zana bangon littattafansa, kuma ba sarki ba attajiri a ciki, sai direbobi da masu dako da matan da ke tallar nono daga Kebbe. An yi wa'azi a kansa, an ce ya ɓata yara. Malaman jami'a suka ce wannan ba adabi ba ne, hirar tasha ce. Da ya tsufa kuma sai ga su da motoci suna neman hoto da shi.

Ɗanmaliki duk bai damu da wannan ba. Abin da ya tsaya masa, Namadi ya taɓa hango shi ta kan katanga yana hawaye ranar da zai yanka wani bijimin sa da ya kiwata da hannunsa, ya kwashe ya zuba a littafi. Bai sa suna ba, amma wa ya rage bai gane ba? Mayanka ta ɗauka. Har yau in an so tsokanarsa sai a miƙo masa ƙyalle a ce ya share ido. Har wani malamin jami'a ya taɓa zuwa rumfar ya ce wai mahaucin nan mai kuka hoton ƙasa ne baki ɗaya. Ɗanmaliki ya tambaye shi tsoka yake so ko hanta.

"Gafara shika nema," in ji Mardiya. "In ba ka zaka ba, da nauyin abin za shi tafi."

Ya ajiye gatarin, ya wanke hannu, ya bi ta.

Ya tarar da Namadi kwance a zaure, ya rame har sumar ta fi shi yawa. Tausayi ya kama Ɗanmaliki, ya ji haushin kansa da ya ji tausayin.

"Maƙwabci, ka yafe man," in ji Namadi da ƙyar.

"Mi zan yafe? Ni ban iya boko ba. Abin da mutane sunka ce kaɗai na sani." Ya juya wajen Mardiya. "Ɗauko littafin ki karanta, in ji da kunnena."

Ta ɗauko, ta karanta a hankali. Mahaucin cikin littafin ya ɓoye wuƙa a bayansa don kada baƙin san ya gani. Ya sosa masa wuya inda ya saba, ya kira shi da sunansa, sannan ya yi bisimilla. Babu wurin dariya ko ɗaya. Shekara da shekaru Ɗanmaliki yana zaton tona masa asiri aka yi, ashe a garin nan mutum ɗaya ne ya gan shi bai raina shi ba.

"Ka yi kure," ya ce. "Ba baƙi ba na, ja na."

Leɓen Namadi ya motsa kamar zai yi murmushi. Ɗanmaliki ya sunkuya daidai kunnensa.

"Na yafe ma, duniya da lahira. Ni ma ka yafe man."

Namadi ya matse masa yatsa. Kafin la'asar ya cika.

Da aka nemi mai wankan gawa, Ɗanmaliki ya naɗe hannun riga ya shiga, ba wanda ya ce masa uffan. Aka kawo ruwan ɗumi a bokiti. Ya tsoma hannu, ya ɗan tsaya.

"A ƙaro na sanyi kaɗan," ya ce. "Wanga ya yi mai zafi."